Tambayoyinku: ƙwayar ƙara kuzari a besbol ɗin Amurka, wa ya sha, wa ya kau da kai?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka shigo akan wasan besbol da maganar ƙwayoyin ƙara kuzari sun taru, shiyasa nace bari yau mu bar musu filin gaba ɗaya. Na ɗan rage tsawon wasu tambayoyin amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai ɗan kallon ƙwallon ƙafa ne, amma kwanaki naga ana ta gardama akan wani Barry Bonds, wai shine ya kafa tarihin da ba wanda ya kamo a besbol amma an ƙi saka shi a zauren gwarazan wasan saboda ƙwaya. Don Allah meye asalin maganar? Kuma me ƙwaya zata ƙarawa mutum a wasan da naga kamar tsayuwa kawai akeyi ana dukan ƙwallo da sanda?

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Daga nesa kam kamar tsayuwa ce, amma duba lissafin kakarsu. Babbar gasar tasu, MLB, kulob 30 ne, kuma kowane kulob wasa 162 yake bugawa a cikin wata shida, kusan kullum kenan, yau ana Boston jibi ana Los Angeles, jirgi, otal, fili, a sake komawa jirgi. Mai jifa yana wurgo ƙwallon da gudun da yakan kai mil 95 a awa, sama da kilomita 150, kafaɗa da gwiwar hannu suna shan wahala ba kaɗan ba. Sitiroid kwaikwayon sinadarin testosteron ne na jikin namiji, yana gina tsoka, sannan abinda yafi jan hankalin 'yan wasa shine yana sa jiki ya murmure da wuri, mutum yayi atisaye mai nauyi yau gobe ya tashi garau. Ga mai bugu, ƙwallon da ada zata faɗo a hannun ɗan baya dab da katanga sai ta tsallake katangar ta faɗa cikin 'yan kallo, shine homron, kuma a besbol homron shine kuɗi. Ƙwaya bazata koyawa wanda bai iya ba yadda zai daki ƙwallo, amma wanda ya iya tana ƙara masa nisa tana kuma ƙara masa shekaru a fili.

Shi Bonds tun kafin a fara zarginsa gwani ne na gaske, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa har sau uku, 1990 da 1992 da 1993. Abinda ya ɗaga hankalin mutane shine a shekarun da sauran 'yan wasa ke fara sanyi shi kuma sai ya ƙara zafi, a 2001 yana da shekara 36 zuwa 37 ya buga homron 73 a kaka ɗaya alhali bai taɓa wuce 49 ba, ya gama wasansa da 762, ya wuce 755 na Hank Aaron a watan Agustan 2007. A 2003 jami'an gwamnati suka kai samame wani ɗakin haɗa magunguna a Kalifoniya mai suna BALCO na Victor Conte, inda ake rarrabawa 'yan wasa wani sitiroid da ake kira THG wanda gwajin lokacin baya iya ganowa, sai da wani kocin tsere ya aikawa hukumar yaƙi da ƙwaya ta Amurka sirinji mai ɗauke da ragowarsa sannan aka san da shi. Mai horar da Bonds, Greg Anderson, yana cikin waɗanda aka ɗaure a shari'ar, daga baya ma ya ƙara zaman sama da shekara a gidan yari saboda ya ƙi bada shaida akan Bonds. Shi kuma Bonds ya faɗa a gaban masu taimakawa alƙali cewa abinda Anderson ya bashi ya ɗauka wani man tsirrai ne da man shafawa na ciwon gaɓoɓi. A 2011 aka same shi da laifin kawo cikas ga shari'a, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. MLB kuma bata taɓa dakatar dashi ba ko na wasa ɗaya.

Zauren gwarazan yana garin Cooperstown a jihar New York, 'yan jaridar wasan ne ke zaɓe kuma sai mutum ya samu kashi 75 cikin 100. Shekara goma sunan Bonds yana takardar, a ta ƙarshe 2022 ya tsaya a kashi 66.

TAMBAYA: Malam ni abinda ban gane ba, duk wannan abu shekara da shekaru ana yi, su shugabannin gasar ina suke? Basu sani bane ko kuwa?

AMSA: Ɗan'uwa wannan tambayar taka itace tafi ci min rai a duk maganar, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja ta.

Da farko ka san wanene kwamishinan besbol, wato shugaban gasar. Masu kulob ne ke zaɓarsa, su ke biyansa, su ke iya sallamarsa. Fay Vincent da yake kwamishina ya aikawa kulob-kulob takarda a 1991 cewa sitiroid haramun ne a wasan, shekara ɗaya kenan bayan dokar Amurka ta 1990 ta saka shi cikin magungunan da laifi ne mallakarsu ba takardar likita. Amma takardar ba gwaji a cikinta, ba'a kuma yi yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa akanta ba, ta zama takarda kawai a cikin durowa. A 1992 masu kulob suka matsa masa ya sauka, suka ɗora ɗaya daga cikinsu, Bud Selig mai kulob ɗin Milwaukee Brewers, ya fara da riƙon ƙwarya aka tabbatar dashi a 1998 ya zauna har Janairun 2015.

Sai yajin aikin 1994. 'Yan wasa da masu kulob suka kaure akan albashi, aka rufe filaye tun watan Agusta, aka soke wasan ƙarshe na World Series abinda ba'a gani ba tun 1904, aka shafe kwana 232. Da aka dawo a 1995 jama'a sunyi fushi, masu shiga kallo suka ragu da wajen kashi 20 cikin 100. To a cikin wannan halin ne kakar 1998 tazo, Mark McGwire na St. Louis da Sammy Sosa na Chicago Cubs suka shiga tseren karya tarihin Roger Maris na homron 61 da ya tsaya tun 1961, McGwire ya gama da 70 Sosa 66, filaye suka cika maƙil, talabijin ba maganar da take sai tasu, kuɗi ya dawo.

A tsakiyar tseren nan, watan Agusta, wani ɗan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP mai suna Steve Wilstein yana tsaye da sauran 'yan jarida a gaban lokar McGwire suna jiran ya fito, idonsa ya faɗa kan wata kwalba a saman kanta, ya rubuta sunan dake jiki a littafinsa, androstenedione. Magani ne da jiki ke juyawa ya koma testosteron, an riga an haramta shi a gasar Olamfik da gasar NFL ta ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, amma a besbol ba dokar data hana, a kanti ma ake saida shi. McGwire ya amsa cewa yana sha. Wallahi abinda ya biyo baya shine abin takaicin, ɗan jaridar aka yiwa caa, wai me ya kai idonsa lokar mutane, shi kuma Selig yace za'a yi nazari. Sai 2004 aka haramta maganin a MLB. Shekara shida. McGwire da bakinsa a 2010 ya fito yace eh yayi amfani da sitiroid har da kakar 1998 ɗin.

Gwaji bai shigo babbar gasar ba sai bayan Ken Caminiti, gwarzon 1996, ya faɗawa mujallar Sports Illustrated a 2002 cewa da sitiroid ya ci kyautar, bawan Allahn nan ya rasu a 2004 yana da shekara 41. Ko da aka yarda da gwajin ma duba yadda aka tsara shi: a 2003 za'a gwada kowa a ɓoye ba suna ba hukunci, in waɗanda aka kama sun wuce kashi 5 cikin 100 sai a fara na gaske. Kowa ya san gwajin na zuwa, amma duk da haka aka wuce kashi 5 ɗin. Hukuncin 2004 kuma in an kama ka karon farko magani da nasiha ne kawai, ko sunanka baza'a faɗa ba.

Majalisar dokokin Amurka ce ta tilasta musu. Shugaba George W. Bush, wanda shi kansa ya taɓa zama cikin masu kulob ɗin Texas Rangers, ya sako maganar sitiroid a jawabinsa ga majalisa a 2004, sannan ranar 17 ga Maris 2005 aka zaunar da manyan 'yan wasa da Selig a gaban kwamiti ana haskawa kai tsaye. McGwire muryarsa na rawa yana ta maimaita cewa shi bai zo yin maganar abinda ya wuce ba. Rafael Palmeiro ya ɗaga yatsa yana nuna 'yan majalisa yace bai taɓa amfani da sitiroid ba, ba'a yi wata biyar ba aka sanar da dakatar dashi na kwana 10 saboda sitiroid ɗin stanozolol, irin wanda aka kama ɗan tsere Ben Johnson dashi a Olamfik ɗin 1988. Kafin shekarar ta ƙare hukunci ya koma wasa 50, sai 100, sai kora ta har abada.

Daga nan Selig ya ɗauko tsohon sanata George Mitchell yayi bincike, rahoton ya fito 13 ga Disamba 2007, shafi 409, da sunayen 'yan wasa sama da 80 ciki har da shahararren mai jifa Roger Clemens, wanda ya musanta kuma kotu ta wanke shi daga tuhumar yiwa majalisa ƙarya a 2012. Mitchell ɗin darakta ne a kulob ɗin Boston Red Sox a lokacin, baida ikon tilasta kowa yayi magana, yawancin sunayen daga bakin mutum biyu suka fito, wani tsohon ma'aikacin ɗakin canza kaya na New York Mets da wani mai horarwa. Amma rahoton ya faɗi gaskiya guda ɗaya ƙarara, cewa laifin na kowa ne, kwamishinoni da shugabannin kulob da ƙungiyar 'yan wasa da su 'yan wasan. Har ya kawo yadda aka kaiwa shugabannin San Francisco Giants ƙorafi akan Greg Anderson suka bar shi yana shiga yana fita. Ba mai kulob ɗaya da aka dakatar.

Don haka in ka tambaye ni, sun ga alamu tun da wuri suka zaɓi kar su tambaya, kamar maigidan da yaransa ke shigo masa da kuɗi kullum shi kuma bai taɓa cewa daga ina ba sai ranar da 'yan sanda suka buga ƙofa. A zamanin Selig kuɗin shigar gasar ya tashi daga dala biliyan 1 da ɗoriya zuwa wajen biliyan 9 a shekara. Ranar da Bonds ya kamo 755 a San Diego, Selig yana filin, ya miƙe tsaye hannayensa zube cikin aljihu ko tafi bai yi ba, ranar 756 kuwa bai ma zo ba. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

TAMBAYA: Malam ka gafarce ni amma na lura a rubuce-rubucenka kullum shugabanni kake ɗorawa laifi. Ba wanda ya danne ɗan wasa ya tsira masa allura fa. Kuma ai ƙungiyar 'yan wasan ce ta hana gwaji shekara da shekaru, meyasa baka faɗar wannan?

AMSA: Ba komai ɗan'uwa, kuma maganarka akwai gaskiya a ciki. Ƙungiyar 'yan wasan besbol tana daga cikin ƙungiyoyin ƙwadago mafi ƙarfi a Amurka, ba dokar gwaji da zata hau kan ɗan babbar gasa sai da sa hannunta, kuma a ƙarƙashin Donald Fehr ta daɗe tana cewa gwajin fitsari ba tare da dalili ba kutse ne cikin sirrin mutum. Hujjar da Selig ke kawowa kenan, yana cewa ku duba ƙananan gasanni inda ƙungiyar bata da iko ai tun 2001 ya saka gwaji. Wannan haka ne. Kuma ƙungiyar ta cuci 'ya'yanta masu tsafta, don mutumin da yaƙi sha shine ya rasa gurbi, ya rasa kwantiragi, ya koma ƙaramar gasa yana kallon wanda ya sha yana sa hannu a miliyoyi. Wani mai jifa na Texas Rangers, Rick Helling, tun ƙarshen 1998 ya miƙe a taron wakilan ƙungiyar yace jama'a akwai matsala, masu tsafta suna jin dole sai sun sha kafin su tsira, ya maimaita a shekarun da suka biyo baya ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Wani babban ɗan wasa, Frank Thomas, shima ya daɗe yana kiran a yi gwaji.

Amma ga inda muka rabu da kai. Masu kulob ɗin nan sun yarda an soke World Series sukutum a 1994 akan maganar albashi, sun nuna in abu ya dame su zasu iya faɗa har kowa ya rasa. Akan gwajin ƙwaya basu yi ko kusa da irin wannan faɗan ba sai da majalisa ta shigo. Sannan ɗan wasan da ya sha ya biya, an dakatar dashi ko an ɓata sunansa ko jikinsa ya lalace, su kuma ɓarayin zaune ba abinda ya same su. Ka ƙara da alkawarin da aka karya, gwajin 2003 da akace sirri ne za'a lalata sakamakon, jami'an gwamnati suka ƙwace jerin sunaye 104 a binciken BALCO, daga baya aka riƙa tsiyayo sunayen ɗaya bayan ɗaya ga jaridu, na Alex Rodriguez ya fito a 2009, haka na David Ortiz da Sosa. Kotu daga baya tace ƙwacewar bata kan ƙa'ida, amma ihu ne bayan hari.

TAMBAYA: Salam Malam. Yanzu ya hukuncin yake? Naga Pogba shekara huɗu aka fara yanke masa, su 'yan besbol nawa ne nasu? Kuma gwajin yana kama mutane da gaske?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Tun 2014 tsarin shine wasa 80 a karon farko, 162 a karo na biyu wato kaka guda cur, na uku kora ta har abada, duk ba albashi, kuma wanda aka dakatar baya buga wasannin cin kofi na ƙarshen wannan kakar. Ana gwajin fitsari ba sanarwa a cikin kaka da lokacin hutu, tun 2013 kuma ana ɗibar jini a tsakiyar kaka don neman sinadarin girma na HGH. Mutum ɗaya aka taɓa yiwa korar har abada akan wannan, Jenrry Mejia na Mets a 2016, shima a 2018 aka amince ya dawo. Pogba yana ƙarƙashin dokar hukumar yaƙi da ƙwaya ta duniya WADA ne, inda hukunci ke iya kaiwa shekara huɗu, nashi daga baya kotun wasanni ta rage zuwa wata 18. MLB bata cikin wannan tsarin, nata dokar yarjejeniya ce tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa, shiyasa karon farko rabin kaka ne kawai. Kuma tunda yarjejeniya ce, lokacin da masu kulob suka rufe wasan na kwana 99 daga Disambar 2021 gwajin ma tsayawa yayi.

Maganar ko yana kamawa, yana kamawa, amma babban kamun da aka yi ba gwaji ne ya yi shi ba. A Janairun 2013 jaridar Miami New Times ta buga takardun wani ɗan asibiti a Florida mai suna Biogenesis na Anthony Bosch, mutumin da ba likita ba, kuma wani ma'aikacin wurin da suka saɓa akan kuɗi ne ya fito da takardun. Yawancin 'yan wasan da aka dakatar a wannan badaƙalar gwaji bai taɓa kama su ba. Rob Manfred, kwamishinan yanzu, shine ya jagoranci binciken a lokacin yana mataimakin Selig, kuma hanyar da aka bi ni bata kwanta min ba, MLB ta sayi takardu da tsabar kuɗi, ta kai Bosch kotu sannan ta janye ƙarar ta ɗauke masa kuɗin lauya don ya zama shaidarta. Aka dakatar da mutum 12 wasa 50-50, Ryan Braun 65, Rodriguez 211, alƙalin sasanci ya rage masa zuwa 162 wato duk kakar 2014, yayi asarar sama da dala miliyan 20.

Labarin Braun ɗin nan sai an tsaya an faɗe shi. Gwaji ya kama shi da testosteron a Oktoban 2011, shekarar da ya ci gwarzo. Ya ɗaukaka ƙara ya ci nasara saboda mai ɗibar fitsarin ya ajiye kwalbar a gidansa daga Asabar zuwa Litinin kafin ya aika, Braun ya tsaya gaban kyamara yana jefa shakku akan mutuncin wannan ƙaramin ma'aikacin, MLB kuma cikin fushi ta sallami alƙalin sasancin da ya yanke hukuncin. Bayan shekara ɗaya da rabi Braun ya amsa laifi ya nemi gafara. Mutumin da aka ɓatawa suna dai an riga an ɓata.

Inda tsarin yake da rami har yau shine kuɗi. Kwantiragin besbol tabbatacce ne, dakatarwa tana cin albashin kwanakin ne kawai bata soke shi. Jhonny Peralta ya gama zaman wasa 50 a 2013, ba'a rufa wata uku ba St. Louis ta bashi dala miliyan 53 na shekara huɗu. Fernando Tatis Jr. aka kama shi da sitiroid ɗin clostebol a Agustan 2022, yace daga maganin makero ya shiga jikinsa, ya zauna wasa 80 yayi asarar kusan dala miliyan 3 a cikin kwantiragin miliyan 340. Robinson Cano kam ya ji a jikinsa, karo na biyu ya rasa dala miliyan 24 na kakar 2021. Shi kuma kulob ba'a cire masa maki, ba'a ƙwace masa nasarar da ya samu da ɗan wasan, albashin ma ya huta da biya. Muddin kulob baya asarar komai to baida dalilin sa ido akan wa ke shigowa ɗakin 'yan wasansa.

Akwai kuma ƙwayoyin hana gajiya, amfetamin, da aka yi shekaru gommai ana sha a ɗakunan canza kaya kafin wasa. A 2006 aka fara gwada su, a shekarar 'yan wasa 28 ne ke da izinin likita na shan irinsu saboda larurar rashin nutsuwa, shekara ɗaya bayan nan suka zama 103.

TAMBAYA: Da gaske ne shi Selig yana cikin zauren gwarazan?

AMSA: Da gaske ne, wani kwamiti na musamman ya zaɓe shi aka shigar dashi a 2017. Bonds da Clemens suna waje, McGwire da Sosa suna waje. Ortiz da sunansa ya fito a jerin 2003 ya shiga a 2022 a shekararsa ta farko, bayan Manfred yace jerin akwai waɗanda ba lallai sakamakonsu ya zama daidai ba, kuma gwajin da akayi ta masa daga 2004 bai taɓa kama shi ba. Ni ra'ayina a fili yake, in za'a rufe ƙofa saboda wancan zamanin to a rufe har da wanda ya shugabance shi, in kuma an buɗe masa to a buɗewa waɗanda suka cika masa filaye, a rubuta abinda kowa yayi a jikin allonsa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwa ce, ɗana yana son motsa jiki da ɗaga ƙarfe, kuma irin waɗannan 'yan wasan yake kallo. Abinda nake so in sani menene illar abin a jiki, kuma su shugabannin suna yin wani abu akan yara masu tasowa ko manya kawai suke bi?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya mana shi. Illar ba ƙarama bace. Sitiroid yana hawar da jini, yana ɓata kitsen dake cikin jini, yana kumbura tsokar zuciya, na haɗiya yana taɓa hanta. Jiki in ya ga testosteron na shigowa daga waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, haihuwa tayi wahala, nono ya fito wa namiji, ga ƙuraje a baya da saurin fushi. Yaron da bai gama girma ba yana iya tsayar masa da tsawo. Sannan lokacin dainawa yana da haɗari na musamman don baƙin ciki mai tsanani yakan biyo baya. Taylor Hooton ɗan sakandare ne a Texas mai buga besbol, shekararsa 17, ya kashe kansa a 2003 jim kaɗan bayan ya daina sha, mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yi magana a zaman majalisar nan na 2005, kuma MLB tana tallafawa gidauniyar da ya kafa don wayar da kan yara. Ki riƙa lura da ƙaruwar jiki ta farat ɗaya da canjin hali, in kin ga alama ki kai shi wajen likita, kar a sa shi ya yanke shi kaɗai a gida.

Amma in ana maganar yara a besbol, wurin da zuciyata take shine Jamhuriyar Dominika. Duk kulob 30 suna da makarantar horo a ƙasar, kuma ana sa hannu da yaro tun yana shekara 16, sau da yawa ma an gama ciniki da baki tun yana 13 ko 14. Yaran suna hannun masu horarwa masu zaman kansu da ake kira buskon, su ciyar da yaro su horar dashi, in an saye shi su yanki kasonsu daga kuɗin sa hannun. Yaro ɗan talakawa, duk gidansu shi suke kallo, mai duba 'yan wasa zai zo da na'urar auna gudun jifa, mil biyu ko uku a awa na iya zama bambancin dala dubu goma da dubu ɗari. A nan ne ake tsirawa yara irin su boldenone, maganin da asalinsa na dawakai ne, wani yaron ma bai san me ke cikin sirinjin ba an ce masa bitamin ne. Shiyasa in kika duba sunayen da ake dakatarwa a ƙananan gasanni zaki ga kaso mai yawa daga gasar bazara ta Dominika suke fitowa.

MLB tana da ofis a Santo Domingo, tana gwada manyan yaran da ake sa ran saye kafin sa hannu, ta kuma buɗe shirin rajistar masu horarwa da suka yarda a riƙa gwada yaransu, amma shiga shirin ganin dama ne. A tattaunawar 2022 masu kulob sun nemi a kawo tsarin zaɓen 'yan wasan ƙasashen waje bi da bi wanda sukace zai kashe cinikin yara da wuri, ƙungiyar 'yan wasa taga tsarin zai rage kuɗin da yaran ke samu, suka kasa daidaitawa akan adadin, aka watse a watan Yulin shekarar aka bar tsohon tsarin yadda yake.